NAS mai faifai biyu ta isa wurin ajiya?

Ɗan'uwa, kana tambaya ko NAS (na'urar ajiye fayiloli da ake shiga ta hanyar sadarwar gida ko ofis) mai faifai biyu da aka haɗa da RAID 1 (tsarin da ke rubuta abu iri ɗaya a kan faifan biyu) ta wadatar wajen adana takardun kasuwancinka, har ka daina kwafa su zuwa wani wuri. Gaskiya ba ta wadatar ba. Abu ɗaya RAID 1 ke tsare maka: idan faifai ɗaya ya mutu, ɗayan na riƙe da komai, sai ka zare mataccen ka sa sabo, aiki ya ci gaba. Shi ya sa faifai biyu masu girman 4TB kowanne, 4TB kaɗai za su ba ka.

Matsalar ita ce duk abin da ya sami fayilolin da ke faifai na farko, nan take yake samun waɗanda ke na biyu. Ni kaina na taɓa goge jakar rasitai ta shekara guda bisa kuskure, na buɗe na'urar da sauri ina fatan ɗayan faifan ya tsira, na tarar fayau, ga fitilunta biyu kore shar kamar ba abin da ya faru. Haka manhajar da ke kulle fayiloli tana neman kuɗin fansa za ta yi maka, haka ɓarawo ko gobara. Don Allah ka kunna ɗaukar hoton ajiya na lokaci-lokaci (wanda ke ba ka damar dawo da fayiloli yadda suke a baya) idan na'urarka na aiki da tsarin fayiloli na Btrfs, sannan duk mako ka kwafa komai zuwa faifan USB, ka zare shi ka ajiye a wani gini daban.