Ga ɗan'uwan da mawaƙi ya riƙe wa ciko

Salamu alaikum ɗan'uwa. Na ga tambayarka: ka yi wa mawaƙi bidiyo, ya ba ka rabin kuɗi, ka tura masa aiki ya ɗora a YouTube, yanzu in ka kira sai ya ce ka bari waƙa ta shiga gari tukuna. Kuma kana tunanin cin bashi ka sayi babbar kyamara don ka koma wa manyan mawaƙa, ka huta da ƙanana. Allah ya ba ka haƙuri. Wallahi ina karantawa raina yana ɓaci kamar ni aka yi wa, don kuwa an yi mini, har ma da ƙari.

Ni nawa ba mawaƙin ba ne ma, manajansa ne. Mutum mai zaƙin baki, ko'ina "darakta na, darakta na", wai albam guda za mu yi tare, wannan somin taɓi ne. Ya ba da kashi ɗaya cikin uku a matsayin kafin alƙalami. Hayar wuri, hayar fitilu, 'yan rawa, mai kwalliya, mai tuƙa diron, duk da sunana aka ɗauko su, ni suka sani. Muka kwana muna ɗauka. Na gama tacewa tsaf, sai ga saƙo wai furodusa ya sake taɓa waƙar, ya ƙara amshi a tsakiya, ya ɗan ƙara wa kiɗan sauri. Ku da kuke editin kun san abin da wannan ke nufi. Baki ya daina haɗuwa da murya, duk yankan da na dasa a kan bugun kiɗa ya goce. Na warware aikin na sake ɗinkewa, ko sannu bai ce mini ba.

Daga nan sai ya kira cikin dare, murya a ƙasa kamar mai neman taimako, wai mai ɗaukar nauyinsu zai kalla a babban allo kuma tambarina da ke kan hoton yana ɓata masa rai, in turo mai tsabta, da safe kuɗi za su shigo. Da safe abin da ya shigo shi ne saƙon wani abokina yana taya ni murna, wai ya ga aikina a intanet. Na buɗe. Sun yanke daƙiƙun farko inda sunana yake. A bayanin da ke ƙasan bidiyon an gode wa kowa, har wanda ya ba da aron mota, ban da ni. Na kira, tana ringin ba a ɗauka. Washegari a kashe.

Abin da ya fi ƙona mini rai ba kuɗina ba ne, na mutane ne. Mai fitilun dattijo ne, a hannunsa na koyi yadda ake haska fuska, bai taɓa ɗaga mini murya ba. Ya kira ya gaishe ni, ya tambayi iyali, ya yi shiru, ya ce to sai an jima. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Ƙarshe gilashin kyamarata mai milimita 50 na sayar na sallami kowa. Ina tsaye mai sayen yana jujjuya shi, yana haska cikinsa da tocilan waya yana neman ƙura don ya rage farashi, alhali ni na san ko yatsa ban taɓa bari ya hau kansa ba. Kuma ka san abin haushi? Bayan wani lokaci na haɗu da manajan nan a wurin wani taro, ya rungume ni a gaban jama'a yana cewa ga daraktansa. Ko kunya babu. Har yau in na ji an sa waƙar nan sai in tashi daga wurin.

To, kai yanzu. Maganar "sai waƙa ta shiga gari" kada ka saurare ta. YouTube ba ya fara raba kuɗin talla da mai tasha sai ya tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12, ko kuwa mabiyan nan da kallon gajerun bidiyo (Shorts) miliyan 10 cikin kwana 90. In tashar yaron nan ba ta kai nan ba, me kake jira? Kuma ko ta kai, kai ba abokin tarayyarsa ba ne, aiki ka yi masa. Kada ka fito ka zage shi a Facebook, don Allah, masoyansa za su yi maka ca, sauran mawaƙa kuma su ce kai mai tonon asiri ne. Tattara duk saƙonninku na WhatsApp, har na murya, da shaidar kuɗin da ya turo, ka rubuta masa a natse: ga abin da muka yi, ga ciko, ga ranar da nake so. In yana da wani babba da yake jin nauyinsa, a bi ta nan.

Akwai fom na ƙorafin haƙƙin mallaka a YouTube, har ma za ka iya zaɓar a ba shi kwana 7 ya sauke da kansa kafin a yi masa gargaɗi, kuma gargaɗi 3 na iya rufe tasha. Amma kada ka danna shi cikin fushi. Waƙar tasa ce, hoton ne ake magana a kai, kuma wanda ya mallaki hoton ya danganta da dokar ƙasarku da abin da kuka yi yarjejeniya a kai. Shi ma yana da damar mayar da martani. Ka fara zama da lauya ko na rabin awa ne. Sannan kada ka goge ɗanyen hotunan, kada kuma ka ba shi. Zai dawo, wallahi zai dawo, ranar da yake son gajerun yanka na tsaye don TikTok. Ranar sai ka tuna masa.

Ni yanzu rabin kuɗi nake karɓa kafin in taɓa kyamara, kuma kuɗin haya da na ma'aikata dole su fito daga ciki. Abin dubawa kuwa ƙaramin fayil nake turawa, tambari a tsakiyar allo da agogo yana gudu a kai, don na kusurwa yanke shi ake yi cikin minti ɗaya. Ko uban wa zai kalla, haka zai kalla. Gyara sau biyu, na uku da kuɗinsa. Waƙa kuma a ba ni ta ƙarshe a WAV, wato fayil ɗin sauti mai cikakken inganci, kafin ranar ɗauka, a rubuta cewa ita ce ta ƙarshe, in aka canja ko baiti ɗaya sabon aiki ne. Wasu sun gudu saboda haka, na ce Allah ya raka taki gona.

Batun kyamarar bashi, a'a ɗan'uwa, a'a. Wa ya ce maka manya suna biya da wuri? Kamfani zai karɓi takardar kuɗinka ya ce sai bayan kwana 30, wani 60, mai bashi kuwa ba ya jira. Ɗauki haya ka sa a lissafin mai aiki. In kuɗi sun samu sayi fitila mai kyau da faifan ajiya biyu, don hoton 4K, wato babban hoto mai kaifi sosai, cin wuri gare shi, kuma aikin da ke faifai ɗaya kawai yana iya tafiya a dare ɗaya. Manhajar tace bidiyo ta DaVinci Resolve ma akwai ta kyauta, ta ishe ka gyaran launi. Af, na leƙa bidiyon naka, a wurin rawar nan haske yana ɗan kaɗawa. In wutar lantarkin wurinku mai 50Hz ce, wato mai bugawa sau 50 a daƙiƙa, ɗauki a firem 25 a daƙiƙa, ka saita saurin shatar kyamara a 1/50, zai daina. Amma aikin ya yi kyau, shi ya sa ma abin ya ƙara ba ni haushi.

Faɗa mana, akwai inda ya ambaci adadin kuɗin da bakinsa, ko a rubuce ko a saƙon murya? In akwai, ka adana shi a wani wuri daban yau ɗin nan, kafin wayar ta samu matsala.