Atisayen Hanon da zogin tsintsiyar hannu

Tambaya: Malam, shekarata biyu ina koyon fiyano. Malamina ya ɗora ni kan littafin Hanon, awa guda kullum, ya ce in riƙa ɗaga yatsu sama sosai ina bugawa da ƙarfi. Yanzu tsintsiyar hannuna na dama tana yi mini zogi, yatsan zobe har sagewa yake yi. Ya ce ƙarfi ne ke shiga. In ci gaba, ko na riga na lalata hannuna?

Amsa: Ƙanena, ka dakata yau ɗin nan. Ka huta, idan kuma sagewar ba ta bari ba, ka je ka ga likita.

Wallahi wannan zance na "zogi alamar ƙarfi" ya ishe ni, kullum sai na ji shi daga bakin waɗanda ba su san yadda hannu yake ba. Yatsan zobe ba rago ba ne, haka Allah ya halicce shi. Jijiyar da ke ɗaga shi a bayan hannu tana haɗe da ta maƙwabtansa, babu atisayen da zai raba su. Mai tilasta masa tashi shi kaɗai ɗaruruwan lokuta, kumburin jijiya yake nema. Robert Schumann, shahararren mai tsara kiɗa ɗan Jamus, ya yi ta ɗaure yatsansa da wata na'ura don ya ƙarfafa shi, wajen 1832 hannunsa na dama ya riga ya nakasa, dole ya haƙura da burin zama makaɗin dandali.

Gaskiya ne Hanon da kansa, a littafinsa na 1873 mai atisaye 60, ya ce a ɗaga yatsu sama. Amma ai ba wahayi ba ne. Czerny ma, wani marubucin atisayen fiyano, ɗalibin Beethoven kuma malamin Liszt, ya taso ne kan fiyanon Biyana mai saurin amsawa, wanda nauyin maɓallansa bai kai na yau ba. To wane dalili zai sa malami ya kwashi umarnin ƙarni na 19 ya ɗora wa yaro, ko sau ɗaya bai duba yadda kafaɗarsa ta sandare ba?

Idan hannu ya warke, ka koma littafin Burgmüller mai lamba Op. 100. Gajerun kiɗe-kiɗe ne 25, kowanne da sunansa da yanayinsa, suna koyar da yatsa da kunne tare. Daga nan sai littafin Heller, Op. 47. Czerny Op. 299 ya jira tukuna. Hanon kuwa minti 10 ya isa, a hankali, yatsu kusa da maɓallai, nauyin hannu ne zai fitar da sautin. Ka nuna wa malaminka wannan amsa. In ya dage kan zogi, ka nemi wani.