Tambaya da Amsa: Shin Adaftar da Ake Maƙalawa a Holdar Ƙwan Lantarki Tana da Haɗari?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce, ina zaune a ɗakin haya a Samaru, Zariya. Ɗakin soket ɗaya gare shi, shi ma ya lalace tun kafin na shiga, shi ya sa na sayi wata 'yar adafta mai araha wadda ake cire ƙwan lantarki a maƙala ta a holda, a mayar da ƙwan a ƙasanta, tana kuma da ramuka a gefe da ake jona kaya. Da ita nake cajin waya, wani lokaci kuma in jona hita in dafa ruwan wanka, ko in jona dutsen guga. Kwanan nan na fara jin warin roba, gefen holdar kuma ya yi baƙi. Ƙawata ta ce ba komai, ita shekara biyu tana amfani da irinta. Ina neman shawararka.

AMSA: Wa alaikumus salam. Malama, kafin ki ƙarasa karanta wannan amsa ina roƙon ki da ki daina amfani da wannan holda, domin warin roba da baƙin da kika gani alama ce ta cewa zafi ya riga ya fara cin ta, kuma robar da ta fara ƙonewa ba ta komawa daidai. Kada ki cire adaftar da kanki kina dogaro da kashe makunnin bango kawai. A gidaje da yawa masu wayarin suna ɗora makunni a kan wayar da ba ita ke ɗauke da wuta ba, sai ƙwan ya mutu amma holdar tana nan da wutarta. A kashe wutar daga babban akwatin gidan tukuna, a gwada da testa, sannan a taɓa.

Asalin matsalar tana cikin lissafi. Wutar da ke zuwa gidajenmu a Najeriya bolt 230 ce, kuma holda mai fil biyu, wadda muka gada daga tsarin Ingila kuma ake rubuta mata B22, an ƙera ta ne ta ɗauki amfiya 2 kacal (amfiya ita ce ma'aunin yawan wutar da ake ja). Idan aka ninka 230 sau 2 za a samu wat 460 (wat shi ne ma'aunin ƙarfin wutar da na'ura ke ci), wannan ita ce iyakar holda mai kyau, sabuwa, wadda aka ɗaure wayoyinta da kyau. Cajar waya ba ta cika wuce wat 25 ba, ƙwan LED na ɗaki kuwa tsakanin wat 5 ne zuwa 15, duka ba su kai ko kusa da iyakar ba. Amma hita mai wat 1000 tana jan fiye da amfiya 4, dutsen guga mai wat 1500 yana jan kusan amfiya 6 da rabi, tukunyar shayi ta lantarki mai wat 2000 kuma tana kusantar amfiya 9. Zafin da ke tasowa a wurin da ƙarfe ya haɗu da ƙarfe ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da yawan wutar, gaba yake yi: idan wutar da ake ja ta ninka sau biyu, zafin yakan ninka sau huɗu, idan ta ninka sau uku, ya ninka sau tara. Duk wannan zafi yana taruwa ne a kan 'yan ƙananan fil biyu da ke cikin holdar, waɗanda sifirin ke tura su, kuma da zarar sifirin ya sha zafi sai ya saki, haɗin ya yi sako-sako, tartsatsi ya fara, zafin ya ƙaru.

Mutane da yawa suna cewa ai idan abu ya yi yawa bireka, wato na'urar da ke katse wuta da kanta a babban akwatin gida, za ta faɗi. Wannan shi ne kuskuren da ya fi damu na. Birekar layin fitilu, a inda aka sa ta daidai, yawanci ta amfiya 6 ce ko 10, kuma aikinta shi ne ta kare wayar da ke cikin bango. Hitarki mai jan amfiya 4 ba ta kai ta kayar da bireka ba, alhali ta ninka abin da holdar za ta iya ɗauka, don haka holdar za ta yi ta dahuwa a hankali bireka tana tsaye. A gidajen haya da aka ɗinke fis da wayar tagulla mai kauri, ko aka haɗa fitilu da soket a kan bireka ɗaya babba, ko wannan 'yar kariyar ma babu. Ki kuma duba inda abin yake faruwa: a sama ne, jikin silin, kusa da katakon rufi da ya bushe, sau da yawa daidai saman katifa ko gidan sauro, inda narkakkiyar roba za ta ɗiga. A lokacin hunturu, da ake yawan dafa ruwan wanka kuma komai ya bushe ƙayau, haɗarin ya fi tsanani.

Akwai haɗari na biyu wanda ba ya wari kuma ba ya nuna alama. Fulogi mai ƙafa uku, wanda aka yi wa soket na amfiya 13, doguwar ƙafarsa ta sama ita ce ke haɗa jikin na'ura da ƙasa, ta yadda idan waya ta goge a cikin dutsen guga ta taɓa ƙarfen jikinsa, wutar za ta bi ta wannan hanya ta kayar da bireka maimakon ta bi ta hannun mai guga. Holdar ƙwai waya biyu kawai ke shiga cikinta, don haka duk abin da aka jona ta adaftar ya rasa wannan kariya, ko da adaftar tana da rami na uku, domin ramin banza ne da bai haɗu da komai ba. Wutar da ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na amfiya ba tana iya rikita bugun zuciya idan ta ratsa ƙirji, ga shi kuma hita ruwa take shiga, mai amfani da ita kuma sau da yawa ƙafarsa babu takalmi a kan siminti mai laima.

Batun ƙawarki kuwa, shekara biyu da ta yi lafiya rahamar Allah ce, amma ba ta canza ƙarfin holdar ba. Wataƙila caja kawai take jonawa, wataƙila kuma tata tana ci a ɓoye.

Abin da nake ba ki shawara shi ne ki samu mai ɗakin, ki nuna masa holdar da ta ƙone, ki nemi a kira ƙwararren mai gyaran wuta ya sauya ta, ya yanke bakin wayar da zafi ya taɓa, sannan ya gyara soket ɗin da wayar da ta dace, wato mai kaurin murabba'in milimita 2.5, ba mai 1.5 ko 1 da ake ja wa fitilu ba. Kuɗin wannan aiki ba zai kai na katifa ɗaya ba. Kafin a gyara, ki yi caji a ɗakin maƙwabciya, ki dafa ruwa a risho ko gas. Idan kuma, Allah ya kiyaye, wuta ta kama a jikin kayan lantarki, kada a watsa ruwa sai an kashe wutar gidan, a yi amfani da busasshen yashi ko abin kashe gobara mai hoda, a kuma kira lambar gaggawa ta 112.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ina da shago a Maraɗi. Holdodin shagona masu fil ne, amma ƙwayayen LED da na samu masu murɗi ne. Na ga ana sayar da 'yar adafta da ke mayar da mai fil ta karɓi mai murɗi. Zan iya amfani da ita?

AMSA: Barka kadai, Alhaji. Wannan ta sha bamban da ta farko, domin ƙwan LED ba ya jan wutar da za ta wahalar da holda, kuma idan adaftar mai kyau ce babu laifi a yi amfani da ita. Sai dai akwai abu ɗaya da ya kamata ka sani. A holda mai murɗi, wadda ake rubuta wa E27, ƙa'ida ita ce wayar da ke ɗauke da wuta ta tafi ɗigon da ke can tsakiya, zoben murɗin kuma ya samu ɗayar wayar, don kada yatsa ya taɓa wuta wajen sa ƙwai. Holda mai fil ba ta da gaba da baya, ta kowane gefe adaftar za ta shiga, saboda haka babu tabbacin cewa ba zoben ne zai ɗauki wutar ba. Adafta mai kyau tana da doguwar riga da ke rufe ƙarfen gindin ƙwan ruf idan an murɗa shi, mai araha kuwa takan bar shi a waje.

Idan za ka saya, ka gwada ta da ƙwai tun a wurin mai sayarwa, ka ga ko ƙarfen ya ɓuya. Ka duba ko an rubuta bolt da amfiya a jikinta da sunan wanda ya ƙera ta, ka girgiza ta ka ji ko wani abu yana motsi a ciki, ka fifita ta tangaran ko ta roba mai tauri da nauyi a kan mai laushin da farce ke iya shata. Tambarin da aka buga a jiki shi kaɗai bai isa shaida ba, domin masu jabu ma suna bugawa. Kada ka ɗora adafta a kan adafta, kada kuma ka rataya babban ƙwai mai nauyi a kanta, musamman idan holdar a jikin waya take lilo, domin nauyin yana jan wayoyin daga inda aka ɗaure su.

Ni dai da shagona ne, tunda holda mai murɗi ba ta fi adaftar tsada da wani abin kirki ba, da sai in kira mai gyara rana ɗaya ya sauya holdodin gaba ɗaya, in tsaya a kansa ya gwada da testa ya tabbatar wayar wuta ta bi ta makunni ta tafi ɗigon tsakiya.