Abin da ke walƙiya a cikin duhu

Ɗana, ka tambaye ni me ya sa da ka gitta matatun hasken nan biyu a maikiroskof fili ya yi baƙi ƙirin, amma zaren jijiyar da ke kan gilashi yana ta walƙiya. Kwantar da hankalinka, na'ura lafiyarta ƙalau.

Hasken fitila ta kowace fuska yake kaɗawa. Matatar ƙasa ba ta barin kowa ya wuce sai mai kaɗawa ta fuska guda. Ta sama kuwa, da ka juya ta digiri 90, sai ta tare shi. Duhun ke nan. To amma kolajin, wato furotin ɗin da ke cikin jijiya, a jere yake, zare kusa da zare. Haske in ya shiga irin wannan jeri rabuwa yake gida biyu, ɗaya ya fi ɗaya sauri. Kafin su fito kaɗawar ta sauya, sai wani sashe ya kuɓuce ta matatar sama. Ruwa da gilashi ba su da jeri, shi ya sa suke zama cikin duhu.

Juya teburin a hankali, kana kallon zare ɗaya. Sau huɗu zai dushe a zagaye guda, tsakanin kowane dushewa kuma ya haska. Wanda bai juya ba, zai rantse babu komai alhali abu na gabansa.

Inda na fi so ka sa ido shi ne ruwan gaɓa. Tun 1961 McCarty da Hollander suka nuna ƙwayoyin yurat, wato gishirin yurik asid, a gaɓar masu gawut, ciwon kumburin gaɓa, sirara kamar allura. Sa jan farantin nan na maikiroskof, mai kibiya a jikinsa, tsakanin matatun: allurar da ta kwanta daidai da kibiyarsa rawaya ce, wadda ta gitta shuɗiya. In ka ga akasin haka, ƙwayar gajeriya, haskenta da rauni, to kalsiyam ce, ciwon daban. Mutum na can yana fama da gwiwa, da abin da ka rubuta likita zai yi aiki.

Naman da ake zargin gawut kada ya shiga fomalin, maganin adana nama, don ruwan cikinsa na narkar da yurat. Alkohol zalla za ka sa.

Sannan ba duk mai walƙiya ne na jiki ba. Ina sabon shiga na taɓa ɓata safiya guda a kan wasu ƙwayoyi masu baƙin gicciye a tsakiya, ashe sitacin hodar safar hannuna ne. Goge gilashinka tukuna, ka kawo na duba tare da kai.