Filin Kwamfuta: Kartar Hearts, daga saka ta zuwa tsere wa baƙar sarauniya

Wasiƙu uku na zaɓo a wannan makon, biyu daga nan Katsina, ɗaya daga Daura, kuma duk a kan karta suke magana. Shi ya sa na haɗa su wuri ɗaya.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni malamin firamare ne da ya yi ritaya. Lokacin da nake aiki akwai wata karta a kwamfutar ofis mai suna Hearts, mukan taɓa ta bayan an tashi. Yanzu ɗana ya bar mani laftof ɗinsa, na duba ko'ina ban gan ta ba, sai wadda mutum ke jera karta shi kaɗai. Cire ta aka yi, ko ni ne ban iya nema ba?
Malami mai ritaya, Daura

AMSA: Wa alaikumus salam Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Kun iya nema, cire ta aka yi. Kamfanin Microsoft ya fara saka Hearts cikin Windows tun 1992, ta zauna a XP da Vista da Windows 7, sai da Windows 8 ta fito a 2012 aka daina haɗo ta da kwamfuta. Wadda kuka gani ta jera karta sunanta Solitaire, ita ce ke zuwa da Windows 10 da 11.

Ku fara sanin wace Windows ce a laftof ɗin. Ku riƙe maɓallin nan mai alamar taga, ku danna R, ƙaramin akwati zai fito. Ku rubuta winver a ciki, ku danna Enter, za ta faɗa muku.

Idan Windows 7 ce, kartarku na nan a ciki, ko sisi ba za ku kashe ba. Ku shiga Start, sai All Programs, sai Games. In kun tarar babu komai, to wataƙila irin Windows 7 ɗin ofisoshi ce, Professional, wadda ke zuwa da wasanninta a kashe. Da yawa daga laftof na hannu da ake kawo mini shago haka suke, don daga ofisoshi suka fito. Sai ku buɗe Control Panel, ku shiga Programs, ku danna inda aka rubuta "Turn Windows features on or off", ku sa alama a akwatin Games, ku danna OK. Ku ɗan jira ta gama, Hearts za ta bayyana. Ba ta bukatar intanet. Amma ku sani tun Janairun 2020 aka daina yi wa Windows 7 gyaran tsaro, don haka kada a yi harkar banki a kanta.

Idan kuwa 10 ce ko 11, sai an nemo ta. Ku sa wani jika ya kunna muku hotsifot na wayarsa, ku buɗe Microsoft Store, ku rubuta Hearts. Za su fito da yawa, na kamfanoni daban-daban. Ku ɗauki ta kyauta, in ta gama sauka ku kashe intanet ɗin ku buɗe ta. Wadda ta yi aiki a haka ita ce taku. Wadda ta ƙi buɗewa sai da data, ku goge ta ku gwada wata.

Abin da nake roƙonku shi ne kada kowa ya sauko muku da ita daga shafin da ba a san asalinsa ba. Nakan karɓi laftof da aka yi wa haka: maimakon karta sai tallace-tallace su riƙa tsalle a fuskar kwamfutar, ta yi nauyi, wani lokaci sai an wanke ta gaba ɗaya, hotuna da takardun da ba a adana wani wuri ba su tafi.

Sannan Baba, ku sayi maus na waje. Kartocin a jere suke, kowace ta rufe rabin 'yar'uwarta, kuma shafa ɗan faifan laftof da yatsa yakan sa mutum ya jefa wadda bai yi niyya ba.

TAMBAYA: Yaya, ni Whot na iya, kuma a gidanmu ba a cika cinye ni ba. Na saka Hearts a laftof ɗina, amma ta ɗaure mini kai. Ni ke kwashe kartocin kusan kowane zagaye, a ƙarshe kuma kwamfuta ta ce ni ce ta baya. Wani lokaci ma in danna karta ta ƙi fita. Ta lalace ne?
Ɗaliba, Ƙofar Ƙaura, Katsina

AMSA: Ƙanwata, lafiyarta ƙalau. Da hankalin Whot kika shiga, shi ya sa. A Whot tsere ake, wanda ya riga zubar da kartarsa ya ci. A Hearts kowa tare yake gamawa, abin da ake dubawa shi ne me ya taru a gabanki.

Karta 52 ce, ku huɗu ne, kowa 13. Gida huɗu: ja biyu, zuciya da daimon, baƙi biyu, mashi da ganye. Mashi ita ce mai tsini a sama, ganye kuma mai kunnuwa uku. A kowane gida A ce babba, sai sarki mai harafin K, sarauniya mai Q, sai J, sai 10 har ƙasa zuwa 2. Kowane zubi kamar adashi yake: kowa ya zuba ɗaya, mutum ɗaya ya kwashe. Mai kwasa shi ne wanda ya jefa mafi girma a gidan da aka fara da shi, kuma shi zai fara zubi na gaba.

To a nan kwasar ita ce asara. Kowace zuciya da ta shigo hannunki maki ɗaya ce a kanki. Sarauniyar mashi ita kaɗai 13 ce. Jimla 26 a kowane rabo. Ana ta rabawa har wani ya kai 100, mai mafi ƙarancin maki shi ya ci. Kin ga ke da kike murnar kwasa, kaya kike tara wa kanki.

Kartar da ke ƙin fita kuma doka ce ta riƙe ta. Dole ki bi gidan da aka fara muddin kina da shi. An fara da daimon, kina da daimon ko ɗaya ce, ba ki da ikon jefa wani gida. Wanda ke da 2 ta ganye shi ke buɗe wasa, kuma da ita zai buɗe. A zubin farko ba a jefa zuciya ko sarauniyar mashi. Ba a kuma fara zubi da zuciya sai an riga an jefar da wata zuciyar a baya, sai dai in babu komai a hannunki sai ita. Wannan ne ya sa nake ganin kwamfuta ta fi kowa iya koyar da wasan nan. A kan tabarma mutum na iya ɓoye daimon ya ce ba shi da ita, sai an yi nisa a gane, rigima ta tashi. Kwamfuta ba za ta bar ki ki yi ba, kuma ba za ta yi miki ba. Hankalinki duka sai ya koma kan lissafi, wanda shi ne wasan.

Tun kafin a jefa karta ta farko ake cin rabin wasa, wato wurin musaya. Za ki zaɓi uku ki miƙa: rabo na farko ga na hagunki, na biyu ga na dama, na uku ga wanda ke fuskantarki, na huɗu ba musaya. Sabon shiga yakan tura manyan zuciya kawai. Ni mashi nake fara dubawa. A ce kina da A da sarki da 4 na mashi. Wannan hannu ne mai haɗari: an fara mashi sau ɗaya kin ba da 4, a karo na biyu dole ki sauke sarki, mai sarauniya kuwa abin da yake jira ke nan, ya ɗora miki 13. Don haka A da sarkin nan su za ki fara miƙawa. Sarauniyar kanta, in tana hannunki tare da ƙananan mashi huɗu ko fiye, ki riƙe ta, don kin san inda take kuma ke za ki zaɓi wanda za ta faɗa wa. In ƙananan ɗaya ne ko biyu, ki rabu da ita, ki kuma tuna wa kika ba.

Dabara ta biyu ita ce ƙarar da gida guda. Kina da daimon biyu kacal, ki miƙa su duka. In ba a turo miki wasu ba, duk lokacin da aka fara daimon ke kin sami ƙofa: ki jefar da sarauniya, ko A ta zuciya, kan wanda zai kwasa.

Ga wani zubi mu duba tare. Na hagunki ya fara da 9 ta daimon, na gaba ya sa 4, na damanki ya sa J. Ke ce ta ƙarshe, kina da sarki, 10 da 3. Yawancin masu koyo 3 suke jefawa don tsoron kwasa. Ki duba teburin tukuna: babu zuciya, babu sarauniya, kuma babu mai jefawa bayanki. Ki sa sarkin ki kwashe, ba ki ɗauki maki ko ɗaya ba, kin kuma rabu da kartar da za ta cuce ki nan gaba lokacin da daimon ya ƙare a hannun mutane. Amma da a ce na gaba zuciya ya jefa maimakon 4, sai ki sa 10, ta shige ƙarƙashin J. Ita 3 ɗin ki adana ta, ranar tsananinta na zuwa.

Idan ba ki da A, sarki ko sarauniyar mashi, duk sanda farawa ta zo hannunki ki fara da mashi. Kina tatse ƙananan da mai sarauniya ke fakewa da su ne, har ta fito dole, sau da yawa ma ta koma kansa.

Sai ƙirga. Kowane gida 13 ne. An yi zubi biyu na ganye kowa ya bi, takwas sun tafi, saura biyar. Kina da uku, to biyu ne kawai a waje, wato aƙalla mutum ɗaya ba shi da ganye, kuma a zubi na uku zai zubar da abin da ya dame shi. Kada ki fara da babbar ganye a lokacin. Ki fara koyon ƙirga mashi kaɗai, in ya zauna ki ƙara zuciya. Na ga yaran da ke zama a shagona sun tashi daga na baya zuwa na gaba da wannan kawai.

Akwai juyi ɗaya da ya kamata ki sani. Wanda ya kwashe duka 26, zuciya 13 da sarauniya, ba a rubuta masa komai, sauran ukun ne kowa za a ɗora masa 26. In kin lura mutum ɗaya ne ke ta kwasar zuciya, sarauniya ma tana wurinsa, ki daure ki ci zubi ɗaya mai zuciya. Gara ki ɗauki huɗu da ki ɗauki 26.

TAMBAYA: Malam, mu huɗu ne a majalisarmu, ɗaya ya tafi bautar ƙasa, ɗaya aiki ya kai shi Kaduna. Akwai wadda za mu yi tare daga nesa, biyu-biyu? Sannan mahaifina yana cewa karta duk caca ce.
Matashi, Ƙofar Marusa, Katsina

AMSA: Akwai, abokina, sunanta Spades, 'yar'uwar Hearts ce. Kai da wanda ke fuskantarka ɓangare ɗaya ne. A nan kwasa ake so, kuma mashi ke mulki: in ba ka da gidan da aka fara, ko 2 ta mashi ka jefa ta doke A ta wani gida. Kafin a fara kowa zai faɗi zubi nawa yake ganin zai ci. Ku biyu kun ce biyar kun cika, kuna da 50. Kun gaza, a cire muku 50. Abin da ya haura alkawari maki ɗaya-ɗaya ne, amma in rarar ta taru ta kai goma za a zaftare muku 100, don haka faɗin ƙasa da ƙarfinka ma ba tsira ba ne. Yawanci a 500 ake tashi.

Ku fara koyo kowa shi kaɗai a shafin cardgames.io, a burauza yake buɗewa ba sai an saka komai ba. In hannu ya faɗa, Trickster Cards na ba da damar buɗe teburi a gayyato abokai, a kwamfuta ko a waya.

Maganar Baba kuwa kada ka ɗauke ta da wasa, yana da dalili. Caca haramun ce, aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta faɗa ƙarara, kuma mutanen zamaninsa sun ga gidajen da karta ta rusa. Wadda ba a sa kuɗi ba malamai sun saɓa a kanta, wasu sun hana gaba ɗaya, wasu sun sassauta in ba ta hana salla ko aiki ba. Wannan ka kai wa malamin da kake karatu wurinsa, ni gyaran kwamfuta na sani. Abin da ke ɓangarena shi ne: duk manhajar da ta nemi lambar katin bankinka, ko ta ce ka zuba kuɗi ka ci riba, ka fita ka goge ta, ko da abokanka na ciki. Kada kuma ku ce wanda aka cinye zai sayi kati ko shayi, daga nan caca ke farawa. Ka zauna da Baba ka nuna masa fuskar kwamfutar ya ga abin da kuke yi da idonsa. In ya gani ya ce duk da haka bai yarda ba, ka bar ta, sauran ukun su cike gurbinka da ɗan wasan kwamfuta.