Tambaya da Amsa: Zafin inji ya hana ni jin daɗin Fijo 504 ɗin Baba

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam, ya aiki ya iyali. Dan Allah tambaya gareni akan Fijo 504 ɗin mahaifinmu Allah ya jiƙansa, haɗin Kaduna ce, sabuwa ya saye ta tun ba a haife ni ba, ta fi shekara goma a ajiye yanzu na ɗauko ta ina gyarawa kaɗan kaɗan. An yi inji an yi fenti, to da muka cire dashbod sai muka tarar da wani abu kamar tsohon bargo manne a jikin ƙarfen nan da ya raba inji da cikin mota, duk ya ruɓe yana wari, sai yaron makanike ya yage shi ya zubar. Tun daga ranar in na yi tafiyar minti ashirin ƙafata kamar na sa ta a murhu, ga ƙarar inji, wani lokacin ma har warin hayaƙi nake ji. Mai kujera yace in kawo soson katifa ya manna min da gam shikenan. In yarda?

Mai karatunku daga Zariya

AMSA

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya jiƙan Baba ya kai rahama kabarinsa, kai kuma Allah ya yi maka albarka da baka miƙa wa 'yan gwangwan motar nan ba. 504 ba ƙaramar mota bace, tun 1968 ta fito a Faransa, kamfanin Fijo na Kaduna ya fara aiki a 1975, kuma an ci gaba da haɗa ta a can har bayan shekarar 2000 lokacin su Faransawan sun daɗe da dainawa. Ta cancanci a yi mata aiki mai kyau.

Soson katifa kam kada ka yarda, dan Allah. Yana shan ruwa ya riƙe, sai ya zauna a jikin ƙarfe yana cin sa da tsatsa kai baka sani ba, sannan da wuta ta taɓa shi ya kama kenan, ga baƙin hayaƙi mai guba. Ka tuna amfanin bangon ƙarfen nan da ya raba inji da cikin mota tun farko shine in wuta ta tashi a inji ya tare ta har mutane su samu su fita, to ya za a yi ka manna masa makamashi daidai inda wayoyin mota suka taru? Haka ma irin shimfiɗar kwaltar nan da ake liƙe rufin kwano da ita, wasu na sawa saboda araha, amma in zafin Afrilu ya zo ta yi laushi ta zame, motar ta yi ta warin kwalta har ka gaji.

Amma abinda yafi tayar min da hankali a wasiƙarka ba zafin bane, warin hayaƙin ne. Ma'anarsa akwai ƙofofi a buɗe a bangon, kuma wataƙila salansa ko manifol, wato bututun da ke tara hayaƙi daga inji ya kai salansa, na yoyo. Hayaƙin mota akwai iska mai guba a ciki wadda ita kanta bata da wari bata da launi, ciwon kai da jiri da barci take sawa, tana kisa kuma. Don haka kafin ka sayi komai a fara duba salansa tun daga bakin inji. Daga nan ka jira dare, wani ya haska tocila daga wajen inji kai kana ciki ka leƙa ƙasan dashbod, duk inda haske ya ɓullo ka yi masa alama da alli. Zaka sha mamakin yawansu, wajen waya, wajen kebul ɗin totur, sandar sitiyari, da ramukan da masu rewaya suka huda shekara da shekaru don sa rediyo ko hon. Kowanne a sa masa robarsa, wanda ba a amfani da shi a toshe. Wallahi sau da yawa toshe ramukan nan kaɗai yana rage zafi da ƙara sosai, don iskar inji ce take hurowa kai tsaye kan ƙafarka.

Sai tsatsa. Bargon da kuka cire ruwa ne ya ruɓar da shi, kuma ruwan nan daga wani wuri yake zuwa, yawanci magudanar ƙasan gilashin gaba ce ganye da ƙasa suka toshe, ko robar gilashin ta bushe. Ka duba ƙasan tukunyar birki ma, man birki in yana ɗiga yana cinye fenti ya bar ƙarfe tsirara. A kankare har a ga farin ƙarfe, inda ya huje fanel bita ya yanke ya yi walda, ba ciko da foti ba, a shafa fentin hana tsatsa a bari ya bushe sosai. Walda duk a gama ta kafin a manna komai.

Yanzu abin sawar. Ta ciki hawa biyu ake yi. Na farko wata baƙar roba ce mai danƙo da ake kira butil, bayanta farin alminiyom, ita ke kashe karkarwar ƙarfe, ba sai ka rufe ko'ina da ita ba, manyan wuraren da suke a shimfiɗe sun isa, ka goge wurin da tina tukun sannan ka danne ta da kyau kada iska ta maƙale a ƙasa. Na biyu soso ne amma mai toshashshen ido wanda baya shan ruwa, wanda aka yi don mota, kauri kamar milimita 6 zuwa 10, shi kuma a rufe ko'ina da shi. Gwajin mai sauƙi ne, ka yanki guntu ka tsoma a ruwa ka matse, in ya zubo da ruwa ka mayar wa mai shi. Ka fara zagaya 'yan kayan mota na Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna da guntun tsohon bargon in ka samu, don su gane abinda kake nema. Ta wajen inji kuwa kusa da manifol da bututun salansa soso bashi da wuri ko kaɗan, zafin wurin yana wuce digiri 400, farantin alminiyom ake ɗaurawa da noti a bar ɗan fili tsakaninsa da bodi iska na wucewa. In ka ga wani tsohon farin abu mai garin ƙura a wurin kada ka kankare shi a bushe, tsofaffin motoci ana samun asbestos, wani abu da ake sawa don tare zafi, a irin wuraren nan kuma ƙurarsa na lalata huhu, ka jiƙa shi ka rufe hanci.

Ka cire kan batir kafin a fara. Ka yanki kwali ka fitar da siffar bangon da duk ramukansa, a kansa zaka yanka soson, kuma kada a binne waya ko fiyus a ƙasa. Kafin a mayar da dashbod ka zauna ka taka birki da kuloci da totur har ƙasa, kowanne ya je ya dawo ba abinda ya taɓa shi, totur in ya maƙale a soso a kan hanyar Zariya zuwa Kaduna ba ƙaramin haɗari bane. In an gama ka sake gwajin tocilan nan, sannan ka zuba bokitin ruwa a gilashin gaba ka leƙa ciki ka ga ko akwai inda yake ɗiga.