Kwamfuta ba ta fitowa a Réseau? Ka fara gwada adireshinta

Maigida, barka da aiki. Ina gidan Alhaji a Yelwa, nan Garwa. Kwamfutoci uku ne a gidan: ta tebur mai Windows 10 wadda ke ɗauke da foldar lissafin shago, laftof ɗin ɗansa mai Windows 11, sai wata tsohuwa mai Windows 7. Na raba foldar, amma in an buɗe Réseau, tagar da ke jera kwamfutocin da ke rezo ɗaya, a laftof, ta tebur ɗin ba ta fitowa sam. Intanet kuwa dukansu suna samu. In yi fomatin ne, ko in kashe pare-feu, wato katangar tsaron Windows?

Barka kadai, ɗana. Mayar da filashin fomatin aljihu, pare-feu ma ka bar shi a kunne. Akwai tambayar da ba ka yi wa kanka ba tukuna: foldar ce ba ta shiguwa, ko kuwa sunan kwamfutar ne kawai bai fito a jeri ba? Cuta biyu ce, kowace da maganinta. Tagar Réseau ɗin nan kamar allon suna ce a bakin shago. Iska kan kayar da allo, shago kuwa yana nan a buɗe ana ciniki. Kai ka tsaya kana neman allo, ba ka taɓa ƙofar ba.

Je wurin ta tebur ɗin, buɗe cmd, tagar rubuta umarni, rubuta ipconfig, ka kwafe lambar da ke gaban Adresse IPv4 a takarda. Yi haka a laftof ɗin ma. A irin rezon gida, kashi uku na farko dole su zama iri ɗaya, na ƙarshe kaɗai ke bambanta. In modem ɗin Huawei ne, galibi za ka ga abu kamar 192.168.8.105 a ɗaya, 192.168.8.110 a ɗayan. In ka ga lamba ta fara da 169.254, wannan kwamfutar ba ta samu adireshi daga modem ba, ita ta laƙa wa kanta, sai ka koma kan kebul ko wayifai.

In kuwa ka ga ɗaya tana 192.168.8, ɗayan tana 192.168.0, to ka kama ɓarawon tun ba a je ko'ina ba. Manyan gidajen nan namu, bango mai kauri, wayifai na falo ba ya kaiwa cikin gida, sai a sayo rauta ta biyu a ja kebul a soka a ramin WAN. Nan take ta kafa nata rezon, tana raba nata adireshin. Kowa na samun intanet, shi ya sa maigida ke rantsuwa komai lafiya, alhali gida biyu aka yi a cikin gida ɗaya. Gyaran shi ne ka mai da ta biyun point d'accès, mai yaɗa wayifai kawai, in tana da wannan zaɓin, ko ka kashe DHCP ɗinta, wato abin da ke raba adireshi, ka mayar da kebul ɗin ramin LAN. Ka kuma leƙa sunan wayifai da laftof ɗin ke kai. Yara kan jona da wayarsu in modem ya yi nauyi su manta. Wayifai na baƙi ma haka, da gangan aka yi shi don kada na'urori su ga juna, kuma wasu rautoci suna da wani saiti mai suna Isolation AP da ke yin wannan aikin.

To mu ce lambobin sun dace. A laftof, danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta \\192.168.8.105, wato adireshin ta tebur ɗin, ka danna Entrée. A kibod ɗin AZERTY, wannan karkatacciyar sandar tana kan AltGr da 8, kada ka ɓata lokaci kana lalube. Abin da ya fito a allo bayan wannan shi zai gaya maka inda za ka dosa.

In foldar ta buɗe, rabon da ka yi daidai ne, sanarwar sunan kwamfutar ce ta mutu. A nan ya kamata ka san tarihin abin, don kada wani ya ruɗe ka da tsohon ilimi. A da Windows tana haɗa jerin kwamfutoci ne da wani tsohon tsari da ya dogara da SMB1, tsohuwar hanyar rabon fayil tsakanin kwamfutoci. A watan Mayu na 2017 cutar WannaCry ta bi ta ramin SMB1 ta kulle fayilolin mutane a ƙasashe da yawa, har asibitocin Ingila ba su tsira ba. Daga sigar 1709 ta Windows 10, Microsoft ta fara janye SMB1 daga sababbin Windows da ake sawa, a sigar 1803 ta shekarar 2018 kuma ta cire Groupe résidentiel, tsarin haɗa kwamfutocin gida, gaba ɗaya. Yanzu kowace kwamfuta ita ke shelar kanta, kuma akwai sabis ɗin da ke yin shelar. Buɗe services.msc a ta tebur ɗin, nemi Publication des ressources de découverte de fonctions. Sau da yawa za ka same shi a Manuel, a kwance. Mai da shi Automatique, ka tayar da shi. Ɗan'uwansa Hôte du fournisseur de découverte de fonctions ma ka yi masa haka, a kwamfutocin duka. Rufe tagar Réseau ka sake buɗewa, ka ɗan ba ta lokaci.

Za ka ji wasu a kasuwa suna cewa a kunna SMB1 komai zai fito. Wani lokaci yana fitowa, gaskiya ne. Amma ban yarda ka yi haka a na'urar da ke ɗauke da lissafin dukiyar mutum ba. Tsohuwar mai Windows 7 ma ba ta buƙatarsa, tana jin SMB2. Windows XP ce ba ta san komai ba sai SMB1, ita kuwa babu ita a gidan.

In maimakon folda ka ga saƙon cewa ba a sami hanya ba, da lambar 0x80070035, to ƙofar ce a kulle, kuma mafi yawan lokaci dalilin ɗaya ne: kwamfutar ta ɗauki rezon gidan a matsayin na jama'a. Windows 11 haka take sa kowane sabon wayifai a Réseau public, Windows 10 kuma takan yi tambaya sau ɗaya a gefen allo, mutum ya danna Non ya wuce bai karanta ba. A wannan yanayin pare-feu yakan toshe tashar 445 da rabon fayil ke bi, ya hana shelar suna. Shiga Paramètres, Réseau et Internet, Propriétés, ka mai da shi Réseau privé. Sannan a Paramètres de partage avancés ka kunna découverte de réseau da partage de fichiers et d'imprimantes a ƙarƙashin privé kaɗai. Laftof ɗin yaron nan yana zuwa makaranta da shi, bai kamata ya buɗe kansa a kowane wayifai ba. Ka ga ke nan pare-feu ba shi da laifi, abin da aka gaya masa yake yi. Sai dai in an sa wani antivayiros mai nasa pare-feu, shi ma ka shiga ka gaya masa rezon na gida ne. Kada kuma ka yanke hukunci da ping kaɗai, umarnin gwada ko wata kwamfuta na amsawa, don Windows kan ƙi amsa shi alhali tana raye.

Saura wanda ya fi cin lokaci, wato in ta tambayi suna da kalmar sirri, ko ta ce Accès refusé. Sunan da take nema na asusun da ke kan ta tebur ɗin ne, ba na laftof ba. Asusun da ba shi da kalmar sirri, Windows ba ta barin a shiga da shi ta rezo. Lambar PIN ma ba ta aiki a nan. In asusun Microsoft ne, imel ɗin da ainihin kalmar sirrinsa ake sawa, Alhaji kuwa da wuya ya tuna. Abin da nake yi, kai ma shi za ka yi: ƙirƙiri ƙaramin asusu a ta tebur ɗin, ka sa masa suna kamar rabo, da kalmar sirri mai kyau, ka ba shi izini a kan foldar nan kaɗai. Kada ka bi hanyar kashe partage protégé par mot de passe. Gidan Alhaji kowa na da lambar wayifai, har almajiran zaure, kuma sababbin Windows 11, musamman sigar 24H2 ta Pro, sukan ƙi shiga folda a matsayin baƙo ko da ka buɗe ta.

Izinin kuma wuri biyu ne a Propriétés na foldar. Akwai na shafin Partage, akwai na shafin Sécurité, kuma wanda ya fi tsanani shi ke cin nasara. Ka ba mutum komai a Partage ka manta shi a Sécurité, zai ga foldar amma ba zai shiga ba. In laftof ɗin ya riƙe tsohuwar kalmar sirri yana ta ƙin shiga, goge ta a Gestionnaire d'identification ka sake gwadawa. Ka duba sunan rabon ma, in ya ƙare da alamar $, ɓoyayye ne, ba ya fitowa a jeri sai an rubuta shi da hannu.

Rubuta hostname a cmd na kowace kwamfuta don ka ga sunanta. Kwamfutocin da ake sayowa a kasuwa wani lokaci hoton diski ɗaya aka zuba musu, sai biyu su zo da suna ɗaya su riƙa ture juna. Canza wa ɗaya suna ka sake kunna ta.

Kafin ka karɓi kuɗin aiki, ka yi tunanin wuta. In aka ɗauke ta aka dawo, modem na iya ba ta tebur ɗin wani adireshi daban, gajerar hanyar da ka ajiye musu ta mutu, a kira ka gobe da sassafe. Shiga modem ɗin ka ɗaure mata adireshi ɗaya da lambar MAC ɗinta, wato lambar shaidar katin rezonta, ka hana ta yin barci muddin tana jone da wuta, sannan ka ajiye gajerar hanyar foldar a fuskar laftof ɗin don kada su sake dogara da tagar Réseau. Kashe modem ka kunna a gaban Alhaji, ɗansa ya buɗe foldar da hannunsa. Ka kuma gaya masa cikin ladabi cewa Microsoft ta daina tallafa wa Windows 7 tun 14 ga Janairu 2020, Windows 10 kuma ranar 14 ga Oktoba 2025, don ya fara shirin canji.

Ina Marwa har zuwa Juma'a in Allah ya kai mu. In ka rubuta adireshin ya fito da wani saƙo daban da waɗannan, ɗauki hoton allon da na ipconfig ɗin kwamfutocin biyu ka turo min ta WhatsApp kafin ka taɓa wani saiti.